Ɗan Masani tsakanin rijiyar mai da zauren Majalisar Ɗinkin Duniya

Idan aka ambaci Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Allah ya jiƙansa, abin da ke fara zuwa bakin Bakano shi ne iya magana. Har yau guntayen jawabansa suna yawo a wayoyin mutane, yana jan hankalin shugabanni kan adalci, yana tuna musu maganar nan da ake jinginawa Shehu Usmanu cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Wannan baiwa tasa ta rufe wani abu da ya fi ta bayyana tarihinsa. Muƙamai biyu ne suka fi girma a rayuwarsa: ministan ma'adinai da lantarki, wanda man fetur ke ƙarƙashinsa, daga 1959 zuwa 1966, da kuma jakadan Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma shugaban kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, daga 1981 zuwa 1983. Ba kasafai ake ajiye su kusa da juna ba, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Nauyin maganar Najeriya a idon duniya daga mai ya fito. Shi kuwa ya riƙe man tun bai zama makami ba, ya kuma isa New York a daidai lokacin da makamin ya fara dakushewa.

An haife shi a 1929 a unguwar Yola, a cikin gidan Madakin Kano Mahmudu, inda mahaifinsa yake hidima. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Madaki ne ya sa shi makaranta: elementare ta Shahuci, Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna wadda yau ake kira Barewa. Ya dawo ya koyar a Midil. Ana lissafa shi cikin samarin da suka kafa NEPU a watan Agusta na 1950, amma bai daɗe ba ya koma NPC, har ma ya kayar da Malam Aminu Kano a zaɓen majalisar wakilai na 1954. Tsofaffin 'yan NEPU ba su taɓa manta wannan ba. Ga yaron da ya tashi a gidan hakimi ba tare da gadon rawani ba, harshe shi ne jarin da ya rage, kuma NPC tana matuƙar buƙatar wanda zai iya tsayawa a majalisar Legas ya mayar wa lauyoyin Kudu martani cikin Turancin da ba za su raina ba.

Ma'aikatar da Tafawa Ɓalewa ya ba shi yana ɗan shekara 30 ba ita ce ake rububi a kai ba a wancan zamani. Kuɗin ƙasa yana cikin gyaɗa da koko da manja da auduga. Dalar gyaɗa tana tsaye a Kano. Abin da ake nufi da ma'adinai shi ne kuzar Jos da kwal na Inugu. Kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, ganga dubu 5 da ɗoriya a rana. A hannunsa abin ya bunƙasa: wasu kamfanonin Amurka da na Turai suka shigo, kamfanin Gulf ya samu mai a cikin teku, matatar farko ta fara aiki kusa da Fatakwal a 1965, aka kuma aza harsashin madatsar Kainji a 1964. Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnati a Janairun 1966, abin da ake haƙowa ya doshi ganga dubu 400 a rana.

Sai dai yawan ganga daban, iko da ita daban. Dokar harajin ribar mai ta 1959 ta ce a raba riba biyu, rabi na gwamnati rabi na kamfani. A takarda adalci ne. Amma wa ke ƙididdige ribar? Kamfanin ne ke haƙowa, shi ke sayar wa wani reshe nasa a Turai, shi ke faɗin farashin da ya sayar, shi ke lissafa abin da ya kashe a cire kafin a raba. Gwamnati ba ta da hannun jari ko na sisin kwabo a rijiyoyin, ba ta da kamfanin mai nata, kuma 'yan ƙasa da suka san kimiyyar ƙasa da injiniyancin mai ba su taka kara sun karya ba. Minista a irin wannan hali mai sa hannu kan lasisi ne, mai matsa wa kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa aiki, mai tura yara karatu waje. Ba shi da famfon da zai rufe ya ce wa wata ƙasa kul. Sai a 1971 Najeriya ta shiga OPEC ta kafa kamfanin mai na ƙasa, sai a 1973 ta fara karɓar hannun jari a Shell-BP, kashi 35 cikin ɗari, ta ƙara zuwa 55 a shekarar da ta biyo.

Akwai yabon da ake yawan yi masa, cewa ya shekara shida yana ministan mai bai mallaki rijiya ba. Gaskiya ne, amma yabon yana buƙatar gyara. Raba wa ɗaiɗaikun mutane rijiyoyin mai al'ada ce da ta zo daga baya, a zamanin Babangida. A jamhuriya ta farko hanyar cin haram ita ce kashi goma na kwangila, wanda Nzeogwu ya ambata a jawabinsa na juyin mulki. Abin da ya cancanci a faɗa game da Ɗan Masani shi ne ya fita daga ma'aikatar da manyan kamfanonin duniya ke zarya a cikinta, ya dawo Kano ba shi da abin da za a nuna a ce ga dukiyar da ya tara, kuma ya rayu shekara 50 bayan haka a gaban idon mutanen da suka san shi, ba wanda ya fito da shaidar akasin haka.

Tun yana kan wannan kujera ya fara taɓa aikin jakadanci. A watan Yuni na 1960, wata uku bayan 'yan sandan Afirka ta Kudu sun harbe mutum 69 a Sharpeville, ya jagoranci tawagar Najeriya zuwa taron ƙasashen Afirka masu 'yanci a Addis Ababa, alhali Najeriya ba ta ma karɓi nata 'yancin ba tukuna. A can ya yi jawabin da marubuta tarihin haɗin kan Afirka suke ambata har yau. Ghana ta zo da batun a dunƙule nahiyar ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Shi kuwa ya ce lokacin hakan bai yi ba, a fara da hanyoyi da sadarwa da ciniki, ya kuma yi gargaɗin cewa duk wanda ya ɗauki kansa mai ceton da aka aiko ya jagoranci Afirka zai rusa tafiyar baki ɗaya. Bai kama suna ba, amma kowa ya san Kwame Nkrumah ake nufi. Wannan matsayi shi ne na ƙasashen da suka taru a Monrovia a 1961, kuma shi ya yi rinjaye lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. Masu ganin Nkrumah ne ke da gaskiya suna nan har gobe, kuma suna da hujja idan aka dubi yadda ƙananan ƙasashen suka zama abin wasan manya. Amma wanda ya ga yadda Nkrumah ya mayar da Ghana ƙasar jam'iyya ɗaya a 1964 zai yi wuya ya ce gargaɗin banza ne.

Taron na Addis ya kuma yi kira da a ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu, a rufe mata tasoshin ruwa da filayen jirgi. Wannan ya shafi Kano kai tsaye, domin a shekarun 1950 jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Johannesburg a nan suke sauka su sha mai. Daga 1963 ƙasashen Afirka suka hana jiragen gwamnatin wariya ratsa samaniyarsu, dole suka riƙa zagayawa ta saman tekun Atlantika. Irin hukuncin da talaka zai iya yankewa ke nan: ya hana hanya ta ƙofar gidansa. Abin da ya wuce haka sai mai kuɗi.

Kuɗin ya zo bayan tashin farashin mai na 1973, kuma a waɗannan shekaru Ɗan Masani yana gida. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako, sannan ya zama shugaban farko na Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya. Wani Bakanon ne, Janar Murtala, ya ci gajiyar lokacin: ya amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar 'yan gwagwarmayar da Amurka da Afirka ta Kudu ke adawa da ita, a Angola a ƙarshen 1975, ya je Addis Ababa a Janairun 1976 ya yi fatali da wasiƙar shugaban Amurka Gerald Ford da ta nemi kada a amince da ita. Bayansa gwamnatin Obasanjo ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka wanda ma'aikata suka zuba wani abu daga albashinsu, ta karɓi baƙuncin taron duniya kan wariya a Legas a 1977, ta janye kuɗin gwamnati daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da gwamnatin wariya. A ƙarshen Yulin 1979, ana jajibirin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, ta ƙwace kadarorin BP, don ta ja kunnen firaministar Birtaniya Margaret Thatcher kan Rodeshiya (Zimbabwe ta yau), da kuma zargin kamfanin da kai mai Afirka ta Kudu. Dattawanmu suna tuna yadda gidajen man BP suka koma AP. A lokacin Najeriya tana haƙo sama da ganga miliyan 2 a rana, tana cikin manyan masu sayar wa Amurka, har Jimmy Carter ya zo Legas a 1978. Jakadan Najeriya na wancan lokaci ko bai iya magana ba za a saurare shi.

A Disambar 1978 Ɗan Masani ya nemi tikitin shugaban ƙasa a NPN, ya zo na biyu bayan Shehu Shagari, a gaban Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Joseph Tarka da Iya Abubakar. Magoya bayansa suna cewa manyan jam'iyya ne suka ji tsoron mutumin da ba za su iya juya shi ba, wasu kuma suna kawo batun asali. Akwai dalili mafi sauƙi da ba a son faɗa: ba shi da jiha a hannu. Kano ta Malam Aminu ce. A zaɓen 1979 PRP ta lashe jihar, Abubakar Rimi ya zama gwamna, Shagari kuwa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba a nan, wanda shi ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, kan ko ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a yawan jihohin da doka ta nema, har Kotun Ƙoli. Jam'iyya ba ta cika ba da tuta ga wanda gidansa ke hannun abokan hamayya. Tura shi New York a 1981 girmamawa ce, kuma nesantawa ce daga fagen zaɓen 1983. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci ɗaya.

Don a gane abin da ya tarar, sai an san yadda gidan yake. Babban Zauren Majalisar kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, kuma ƙasashen Afirka da Asiya suna da rinjaye, shi ya sa tun 1974 suka hana wakilan Afirka ta Kudu zama a cikinsa. Amma ƙudurin Babban Zaure shawara ce, ba ya tilasta kowa. Takunkumin da ya zama dole sai daga Kwamitin Sulhu mai ƙasashe 15, inda biyar ke da ikon hawa kujerar na ƙi. Abin da aka taɓa samu daga can shi ne haramcin sayar wa Afirka ta Kudu makamai, a 1977, bayan kisan ɗaliban Soweto da mutuwar ɗan gwagwarmaya Steve Biko a tsare. Kwamitin yaƙi da wariya kuwa ɗan Babban Zaure ne, an kafa shi da ƙuduri na 1761 a 1962, kuma ƙasashen Yamma sun ƙi shiga cikinsa tun farko. Ba shi da soja, ba shi da kotu, kasafinsa ɗan kaɗan ne. Shugabansa na farko shi ne Diallo Telli na Gini, wanda daga baya ya zama sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya kuma mutu da yunwa a kurkukun Sekou Toure a 1977. Wanda ya gaje shi, Achkar Marof, shi ma gwamnatin ƙasarsa ce ta halaka shi. Daga 1972 kujerar ta kusan zama ta Najeriya: Edwin Ogbu, Leslie Harriman, Akporode Clark, sannan Ɗan Masani.

Shekarar da ya karɓa ita ce Ronald Reagan ya hau mulki. Mai kula masa da Afirka, Chester Crocker, ya zo da manufar lallaɓa gwamnatin wariya da ke Pretoria maimakon matsa mata, ya kuma ɗaure 'yancin Namibiya da ficewar sojojin Kyuba daga Angola. A Afrilun 1981 Amurka da Birtaniya da Faransa suka hau kujerar na ƙi kan ƙudurorin takunkumi. A Agusta, da sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa Angola, Amurka ita kaɗai ta hana a yi Allah wadai. A 1982, shekarar da Majalisar ta keɓe don neman takunkumi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Pretoria bashin sama da dala biliyan 1.

A da, Najeriya za ta iya yin barazana da mai. Yanzu kasuwa ta cika ta batse. Man Tekun Arewa na Birtaniya da Norway, wanda ke kama da namu wajen inganci, ya ƙwace mana masu saye. Haƙon da ya haura ganga miliyan 2 ya faɗo zuwa miliyan 1 da 'yan kai, kuɗin shiga daga mai ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1980 da 1983. A Afrilun 1982 Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. A Fabrairun 1983, da Birtaniya ta rage farashi, Najeriya ta zaftare dala 5 da rabi daga kowace ganga ba tare da jiran OPEC ba. Mai neman wanda zai saya ba ya gindaya sharaɗi. Wannan cikar kasuwa ta yi mana lahani ta fuska biyu, domin ita ce kuma ta sauƙaƙa wa Afirka ta Kudu. Ƙasar ba ta da ɗanyen mai nata. Iran ce ke ba ta mafi yawa har juyin juya halin 1979 ya yanke. A 'yan shekarun farko ta sha wuya, tana saye ta hannun dillalai da tsada, tana faɗaɗa masana'antar Sasol mai tatsar mai daga kwal. Da mai ya yi yawa a duniya, jiragen dakon da ke ɓoye sunansu da inda suka nufa suka ƙaru.

A nan ne nake ganin aikin Ɗan Masani ya fi abin da ake tunawa. Tunda ƙofar gwamnatocin Yamma ta rufe, kwamitin ya koma wa mutanensu: ƙungiyoyin ƙwadago, coci-coci, ɗaliban jami'a, majalisun birane, 'yan wasa da mawaƙa. Daga 1981 aka riƙa buga sunayen 'yan wasan da suka je Afirka ta Kudu, a 1983 aka ƙara da na mawaƙa da masu nishaɗantarwa da aka saye da kuɗi su yi wasa a can. Mai son a goge sunansa sai ya rubuta alkawarin ba zai koma ba. Kwamitin ya yi aiki da wata 'yar cibiya a Amsterdam mai bin diddigin jiragen dakon mai tana tona asirin kamfanonin. Bayan birnin Glasgow ya karrama Mandela a 1981, inda mataimakin shugaban Najeriya Alex Ekwueme ya karɓa a madadinsa, magajin garin ya ƙaddamar da takardar neman a sake shi, magadan gari sama da dubu 2 daga ƙasashe fiye da 50 suka sa hannu. Ba Ɗan Masani ne ya ƙirƙiro wannan dabara ba. Ƙashin bayanta wani ma'aikacin Majalisar ne ɗan Indiya, E. S. Reddy, wanda ya shekara 20 yana riƙe da ofishin. Amma dabara ce da ke tafiya da baki, da iya shiga zauren da ba a san ka ba ka fito da mutane a bayanka, kuma a nan tsohon malamin Midil, wanda ya koyi magana a zauren Madaki da dandalin siyasar Kano, ya fi yawancin ƙwararrun jakadu. Shin matsin ya yi wa Pretoria tsada? Shugaban gwamnatin wariya P. W. Botha da bakinsa ya amsa a 1986 cewa kauce wa takunkumin mai ya ci wa ƙasarsa ƙarin rand biliyan 22 tsakanin 1973 da 1984.

Akwai abin da ya fi kujerar na ƙi wahalar karewa, kuma daga gida ya zo. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin haure 'yan makonni su fice, mutane sama da miliyan 1, galibi 'yan Ghana, suka yi cincirindo a iyakoki da tashar jirgin ruwan Legas, wasu suka mutu a hanya. Cikin hujjojin da aka bayar har da rikicin Maitatsine da ya ci rayuka sama da dubu 4 a Kano a Disambar 1980, tunda jagoran ɗan asalin Kamaru ne. Jaridun Yamma, da gidan rediyon gwamnatin wariya, ba su bar wannan dama ta wuce ba: ga ƙasar da ke shugabantar yaƙi da korar baƙar fata daga biranen Afirka ta Kudu tana korar baƙar fata daga nata. Kwatancin bai yi daidai ba, domin wariya doka ce da ta raba ɗan ƙasa da ƙasarsa saboda launinsa. Amma jakada ba ya zaɓen abin da zai kare, kuma mutumin da ya yi wa Nkrumah wa'azin 'yan'uwantaka ta hanyar ciniki da zirga-zirga shi ne wakilin Najeriya a makon da aka cika manyan motoci da 'yan Ghana.

Bayan zaɓen 1983 Shagari ya dawo da shi ya ba shi sabuwar ma'aikatar gyaran tarbiyyar ƙasa, wadda aka ce za ta yaƙi cin hanci. Wannan ma muƙami ne na baki ba tare da sanda ba, a gwamnatin da lasisin shigo da shinkafa ya zama hanyar arziki. Bai cika wata uku ba sojoji suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba. Janar Joseph Garba ne ya gaji kujerar New York, kuma a zamaninsa abin da aka shuka ya fara nuna: a 1985 bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa Afirka ta Kudu bashi, sauran bankuna suka bi, a 1986 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar takunkumi duk da Reagan ya ƙi sa hannu. Matsin ya taso ne daga tawayen unguwannin baƙar fata a cikin ƙasar, da kuma jami'o'i da coci-coci da majalisun biranen da kwamitin ya yi shekaru yana zagayawa. Aka saki Mandela a Fabrairun 1990, Namibiya ta samu 'yanci a wata mai bi. Kwamitin ya rufe aikinsa a 1994 a hannun Farfesa Ibrahim Gambari. Ɗan Masani bai sake riƙe muƙamin gwamnati mai girman waɗancan ba. Ya koma gidansa a Kano, idanunsa suka tafi a ƙarshen rayuwa, ya ci gaba da karɓar gayyatar lacca har ya rasu a wani asibiti a Alƙahira ranar 3 ga Yulin 2017.